Yadda za ka bincika da kanka ko mutum-mutumin masana'anta ne ke ɗaga ƙasa

Duk lokacin da aka fitar da rahoton shekara a kan mutum-mutumin masana'antu, sai hotuna su cika waya: hannayen ƙarfe masu launin rawaya ko ruwan lemo suna walda a jikin mota, tartsatsi na tashi, babu ɗan Adam a kusa. A ƙasan hoton kuma sai wani ya rubuta cewa abin da ya ɗaga Koriya ta Kudu ke nan, mu ma a sayo mana. Na yi aiki a sashen gyaran injina na wata masana'anta kafin na koma koyarwa, kuma maganar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ita ce ke sa gwamnati da masu kuɗi su zuba dukiya a inda ba nan ciwon yake ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, ilimin sana'a ne ke fara zuwa, mutum-mutumi ya biyo bayansa. Amma gani ya kori ji. Ga yadda za ka duba da idonka, da waya ko kwamfuta da 'yar data.

Fara da sanin abin da ake ƙirgawa

Alƙaluman da jaridu ke kawowa kusan duk daga wuri ɗaya suke fitowa, wato IFR, ƙungiyar masu harkar mutum-mutumi ta duniya, mai hedikwata a birnin Frankfurt na Jamus, wadda take fitar da rahoton World Robotics kowace shekara. Cikakken rahoton na sayarwa ne, amma taƙaitaccen bayaninsa yana nan kyauta a shafinta, kuma ya ishe ka.

Ba kowane inji mai aiki da kansa suke sawa a lissafi ba. Injin cika ruwan leda ko na ɗinke buhun siminti ba ya ciki, komai saurinsa. Wanda ake ƙirgawa shi ne hannun da ke motsi ta gaɓa uku ko fiye, wanda ake iya sauya masa umarni ya bar wannan aiki ya kama wani: yau walda, gobe fenti, jibi ɗaukar kaya yana jerawa. Na farkon irinsa, Unimate, ya fara aiki a 1961 a wata masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey a Amurka, yana ciro ƙarfe mai zafi daga injin zubi, aikin da ke ƙone ma'aikata. Ka riƙe wannan bambanci, domin ƙasa tana iya cika da injinan zamani amma ta fito da ɗan adadi a wannan rahoto.

Lamba biyu za ka nema. Ta farko ita ce yawan waɗanda aka girka a shekara. A 2023 an girka sama da 540,000 a duniya, ƙasar Sin kaɗai ta ɗauki fiye da rabi, kuma jimillar masu aiki a masana'antun duniya ta haura miliyan 4. Ta biyu ita ce mutum-mutumi nawa ne a kan kowane ma'aikacin masana'anta 10,000. A rahoton da ya fito a 2024, Koriya ta Kudu tana da 1,012, Singafo 770, Jamus 429, Japan 419, Amurka 295, matsakaicin duniya kuwa 162. Lamba ta biyu ta fi amfani wajen kwatanta ƙasashe, sai dai ka yi hattara da ita, domin rabawa ake yi da yawan ma'aikata, kuma ƙasar da masana'antunta kaɗan ne amma na kayan lantarki sun fi ƙarfi a cikinsu, kamar Singafo, za ta haye sama cikin sauƙi.

Sannan ka koyi karanta zurfin tattalin arziki

A nan ne nake so ka ɗan zauna, domin yawancin masu gardama ba su san da wannan ma'auni ba. A 2009 masana biyu, César Hidalgo da Ricardo Hausmann, suka fito da hanyar auna ilimin sana'ar da ƙasa ta tara ta hanyar duba kayan da take sayarwa waje. Ma'aunin ana kiransa ECI a taƙaice. Hujjarsu ita ce, ilimin da ke cikin kawunan mutane da hannayensu ba ya ƙirguwa kai tsaye, amma kayan da suka iya ƙerawa yana tona shi.

Ka ɗauki kayan dokin hawan Sallah. Garin da zai iya fitar da cikakken kaya, sirdi da linzami da likkafa da jalala, dole yana da masassaƙi da maƙeri da majemi da baduku da marini da mai ɗinki, kuma dole sun san juna, kowa ya san awon da ɗan'uwansa ke buƙata. Garin da ba shi da kowa sai mahauci, ɗanyar fata zai sayar ya tsaya nan. Ko ba ka shiga garuruwan biyu ba, kayan da suka kawo kasuwa ya gaya maka wane ne ya fi tara sana'a. Haka ma'aunin yake yi wa ƙasashe.

Abu biyu yake haɗawa. Na ɗaya, kaya iri nawa ƙasa take fitarwa da ƙarfi. Na biyu, ƙasashe nawa ne kuma suke iya fitar da irin wannan kayan. Ɗanyen mai da auduga da riguna, ƙasashe da yawa suna fitar da su. Injin ɗaukar hoton cikin jiki na asibiti ko injin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa, 'yan tsiraru ne. Akwai wata dabara a ciki da nake jin daɗin nuna wa ɗalibai. Lu'ulu'u ma ƙasashe kaɗan ne ke haƙo shi, to ashe Botswana da Saliyo za su hau sama ke nan? A'a, domin lissafin yana sake tambaya: su waɗannan masu fitar da lu'ulu'un, me kuma suke fitarwa? Idan ya ga ba su da wasu kaya masu yawa, sai ya gane ƙarancin daga ƙasa yake, kyautar Allah ce, ba daga wahalar ƙira ba. Masu fitar da injin asibiti kuwa sai ka tarar suna fitar da ɗaruruwan wasu kaya.

Ita kuma kalmar fitarwa da ƙarfi tana da lissafinta, wanda Bela Balassa ya kawo tun 1965. Ka ɗauki kason da kaya yake da shi a cikin abin da ƙasa ke fitarwa, ka raba da kason da kayan yake da shi a cinikin duniya baki ɗaya. A matsayin misali kawai: idan riɗi ya kai kashi 2 cikin 100 na abin da wata ƙasa ke fitarwa, alhali a cinikin duniya bai wuce kashi 0.02 ba, amsar 100 ce, ƙasar gwana ce a riɗi. Duk abin da ya kai 1 ko ya wuce ana lissafa shi, wanda bai kai ba a bar shi.

Ba sai ka yi lissafin da hannu ba. Ka buɗe shafin Atlas of Economic Complexity na jami'ar Harvard, ko wani shafi irinsa mai suna OEC, duka kyauta ne. Ka zaɓi ƙasa, sai wani faifai mai kusurwa huɗu ya bayyana, an yanka shi gida-gida, girman kowane gida daidai da kuɗin da kayan ya kawo, launinsa kuma yana nuna danginsa. Ka fara da Japan, wadda ta daɗe tana saman jerin: za ka ga ƙananan gidaje birjik, motoci, sassan motoci, injina, sinadarai, na'urorin awo. Ka duba Suwizalan da Jamus da Koriya ta Kudu, duk haka. Sannan ka buɗe ƙasar da ta dogara da mai ko ma'adinai, ka ga yadda launi guda ya mamaye faifan kusan gaba ɗaya.

Yanzu ka jera su gefe da gefe, amma ka ja shekarun baya

Idan ka rubuta jerin IFR a hagu, jerin ECI a dama, za ka ga sunaye iri ɗaya suna maimaituwa a sama. A nan mutane da yawa suke tsayawa su yanke hukunci cewa mutum-mutumin ne ya kawo zurfin. Kada ka tsaya. Tafiyar abu biyu tare ba ta gaya maka wanda ya riga wani ba. Shafin Harvard yana da bayanan ciniki tun daga 1962, don haka ka koma Koriya ta Kudu ka ja shekarun ɗaya bayan ɗaya.

A farkon shekarun 1960 za ka tarar da ma'adinai da kifi da ɗanyen siliki. Kafin ƙarshen shekarun sai tufafi da falanki da gashin kanti su shigo. An kafa kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968, ya fara narka ƙarfe a Pohang a 1973, shekarar da gwamnatin Park Chung-hee ta ƙaddamar da shirin manyan masana'antu da sinadarai. Hyundai ya gina wurin ƙera jiragen ruwa a Ulsan, ya kuma fito da motarsa Pony a 1975. Samsung ya ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ta 64K a 1983. Duk wannan hawa da hannun mutane aka yi mafi yawansa, mata a bakin keken ɗinki da teburin haɗa rediyo, maza a bakin walda. Mutum-mutumai sun yawaita ne daga baya, lokacin da masana'antun mota da na lantarki suka kafu, albashi ya tashi, haihuwa kuma ta ragu. A 2023 matsakaicin haihuwar mace a Koriya ta Kudu ya faɗi zuwa 0.72. Ƙasar da matasanta ke raguwa haka dole ta nemi hannun ƙarfe. Ka lura Japan da Jamus ma tsofaffinsu sun yi yawa.

Sannan ka duba Ostireliya, domin ka ga ɗaya fuskar. Ƙasa ce mai arziki ƙwarai, tana da kuɗin sayen kowane irin inji, amma a jerin ECI tana can ƙasa, a bayan ƙasashe sama da tamanin, saboda tama da kwal da iskar gas ne suka cika faifanta. Masana'antun ƙera motarta na ƙarshe sun rufe a 2016 da 2017. Kuɗi bai saya mata zurfi ba. Wannan misali kuma yana nuna maka iyakar ma'aunin: ba ya auna jin daɗin jama'a, kuma kayan da ake iya taɓawa ya fi gani, aikin banki da na manhaja suna kuɓuce masa.

Ban ce mutum-mutumi ba ya ƙara komai ba. Georg Graetz da Guy Michaels sun bi ƙasashe 17 daga 1993 zuwa 2007, suka samu cewa yaɗuwarsa ta ƙara wa haɓakar abin da ma'aikaci ke samarwa kimanin ɗigo 0.36 cikin 100 a shekara. Akwai kuma kayan da hannu ba zai taɓa iya yi ba saboda ƙanƙantarsu ko tsabtar da suke buƙata. Ƙasar da ta riga ta hau, yana ƙara mata tsawo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce shi ne matakin farko.

Tambayi wa ya ƙera, wa ya girka, wa ke gyarawa

Wannan mataki ba a shafin intanet kaɗai ake yin sa ba, kuma shi ne na fi sani. Bari in kai ka kusa da mutum-mutumin walda. Hannu ne mai gaɓa shida, an ɗaure gindinsa da manyan kusoshi a daɓen kankare, an kewaye shi da keji don kada ya make mutum. Ma'aikaci yana riƙe da wata na'ura mai allo da dogon waya, yana tura hannun a hankali zuwa kowane wurin da za a yi walda, yana danna maɓalli don ya haddace. Da zarar ya haddace, zai komo wurin nan sau dubu ba tare da ya kauce da kaurin gashi ba. Ƙarfinsa ke nan, kuma rauninsa ke nan. Idan ƙarfen da aka ɗora masa ya zo a karkace da milimita biyu, mai walda na gaske zai gani ya gyara hannunsa, shi kuwa sai ya yi waldarsa a inda aka koya masa, ko da babu komai a wurin, ko ya huda ƙarfen.

Saboda haka kafin ya yi amfani, dole farantin ƙarfen ya zo da kauri ɗaya kullum. Dole injin da ya lanƙwasa shi ya kasance daidai, wanda ke nufin akwai maƙerin da ya iya sassaƙa mazubinsa. Dole a sami wanda zai ƙera maƙalin da ke riƙe kayan a wuri ɗaya. Dole wutar lantarki ta tsaya ba hawa ba sauka, iskar kwamfireso ta zo a bushe. A gindin hannun akwai 'yan ƙananan batura da ke riƙe masa sanin inda kowace gaɓa take idan an ɗauke wuta. In suka mutu wuta kuma ba ta nan, sai ya manta matsayinsa, sai an nemo wanda ya iya saita shi daga farko. Na ga inji mai tsada ya yi watanni a lulluɓe da leda a wata masana'anta, ana jiran injiniya daga ƙasar waje ya sami biza, a kan matsalar da ba ta fi ta rabin yini ba. Kuɗin hannun kansa sau da yawa bai kai rabin abin da za a kashe kafin ya fara aiki ba. Sauran yana tafiya ne a kan keji da maƙalai da na'urorin tsaro da ladan masu haɗawa.

Don haka ka raba ƙasashe gida uku. Akwai masu ƙera shi: Japan da Fanuc da Yaskawa da Kawasaki, wanda ya karɓi lasisin Unimate tun 1968, Jamus da KUKA, ABB na Suwizalan da Suwidin, Denmak da Universal Robots. Ko a cikin masu ƙerawar, giyar da ke cikin gaɓoɓin, wato haƙoran ƙarfen da ke juya su, wadda ita ce mafi wuyar yi, kamfanonin Japan irin su Nabtesco da Harmonic Drive ne suka fi riƙe kasuwarta. Akwai masu amfani da shi a masana'antun baƙi: Sulobakiya tana cikin ƙasashen da suka fi ƙera mota idan aka kwatanta da yawan jama'a, amma masana'antun na Volkswagen ne da Kia da Stellantis da Jaguar Land Rover, kuma zanen motar da na injinan daga waje suke zuwa. Sai masu ƙoƙarin tsallakawa daga gida na biyu zuwa na farko, kuma babu kamar Sin. Ta sa mutum-mutumi cikin shirinta na Made in China 2025 da ta ƙaddamar a 2015, kamfanin Midea ya sayi KUKA, kuma zuwa 2024 kamfanonin cikin gida sun sayar da fiye da rabin waɗanda aka girka a ƙasar. Don ka ga wannan a alƙaluma, ka nemi lambar kwastan 847950 a shafin OEC, za ta nuna maka masu fitar da mutum-mutumi da masu shigo da shi.

Duba irin kayan da ƙasar ke yi

Kusan rabin mutum-mutuman da ake girkawa a duniya masana'antun mota da na kayan lantarki ne ke ɗauka. Dalili a fili yake: kayan masu tauri ne, siffarsu ba ta sauyawa, kuma ana yin dubbai iri ɗaya. Yadi ba haka yake ba, yana naɗewa yana miƙewa, hannun ƙarfe ba ya iya riƙe shi yadda tela ke yi. Shi ya sa Bangaladash, wadda tufafi suka haura kashi 80 cikin 100 na abin da take fitarwa, take ɗinki da miliyoyin mutane har yau. Adidas ya gwada ƙera takalma da injina masu aiki da kansu a Ansbach ta Jamus da kusa da Atlanta ta Amurka, a ƙarshen 2019 ya sanar da rufe su. General Motors ya zuba biliyoyin daloli a kan injina a shekarun 1980, amma masana'antar haɗin gwiwarsa da Toyota a Fremont, wadda aka buɗe a 1984 da injina kaɗan da tsarin aiki mai kyau, ta fi sauran nasa inganci. In ka ga ƙasa da ƙaramin adadi a jerin IFR, ka duba faifanta tukuna kafin ka ce ta yi sake.

Batun rasa aiki ma da wannan ido za ka kalle shi. Daron Acemoglu da Pascual Restrepo sun samu cewa a Amurka, tsakanin 1990 da 2007, ƙarin mutum-mutumi ɗaya a kan ma'aikata dubu ya rage albashi da kimanin kashi 0.42 cikin 100, ya kuma rage masu aiki. Binciken da aka yi a Jamus ya nuna ayyukan da aka rasa a masana'anta an mayar da gurbinsu a wasu sassa. Kada ka ɗauki sakamakon wata ƙasa ka liƙa wa wata.

Sai ka buɗe faifan gida

Ka zaɓi Najeriya. Ɗanyen mai da gas za su cika allon, a gefe kuma ka ga koko da riɗi da takin zamani da 'yar fata. Ka zaɓi Nijar, ka ga zinare da yuraniyom da albasa da dabbobi, sai mai da ya ƙaru tun da aka fara tura shi ta bututun Benin a 2024. Najeriya tana kusa da ƙasan jerin ECI, kuma abin da ke ƙona mini rai shi ne akwai sana'ar da muka taɓa tarawa muka bari ta watse: masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna tun 1957, Peugeot ya fara haɗa mota a can a 1975, Bompai da Sharada da Challawa sun cika da masana'antu a Kano. Makanikai da masu gyaran lantarkin waɗannan wurare da yawa sun tsufa ba su miƙa wa kowa ba.

A shafin Harvard akwai sashen da ke nuna kayan da suke kusa da abin da ƙasa ta riga ta iya, wato waɗanda suke buƙatar kusan sana'o'i iri ɗaya. Nan za ka fi daɗewa. Ka kuma duba Maroko don kwatance: Renault ya buɗe masana'anta a Tanja a 2012, ta Peugeot ta biyo a Kenitra a 2019, kuma a kewayensu aka tara masu yin wayoyin mota da kujeru da gilasai, har mota ta shiga sahun gaba na abin da ƙasar ke fitarwa.

Daga nan ka ɗauki kaya guda ɗaya, misali fatar da ake jemewa a Challawa ana turawa Italiya da Sifen, ka rubuta duk matakan da ke tsakaninta da takalmin da zai shiga shagon ƙasar waje: yanka daidai awo, ƙera ƙafar katako ko roba da ake ɗora takalmi a kai, tafin takalmi, gam, zare, gwajin inganci, kwali, da isar da kaya a ranar da aka yi alkawari. A gaban kowane mataki ka rubuta wanda ya iya shi a Kano ko Aba, da abin da ke hana shi yin dubu iri ɗaya. In ka je wurinsa, ka tambaye shi awa nawa yake samun wuta a yini, daga ina yake sayen kayan gyaran injinsa, da kuma kwana nawa injin ya yi a tsaye lokacin da ya lalace na ƙarshe.